Wace Inbata Ɗan Koyo Zai Fara Haɗawa: Mai Taransista Biyu, CD4047, SG3525 Ko EGS002?

Ɗan yayata yana karatun lantarki a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji a Bauchi. Wata Asabar ya same ni a shago, wayarsa cike da hotunan zanen sakit na inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin wutar gida, da ya kwaso daga YouTube da Facebook, ya ce, "Kawu, kowa cewa yake nasa ya fi. Ni wanne zan haɗa?" Na karɓi wayar na yi ta dubawa. Hotunan suna da yawa, amma in ka cire maimaici gida huɗu ne kawai: mai taransista biyu, mai CD4047, mai SG3525, sai mai ɗan allon nan EGS002.

Kafin in ba shi amsa na ce, "Me za ka jona mata?" Ya yi shiru. Na ce, "Wane batir gare ka?" Ya ce akwai wanda ya ciro daga tsohuwar UPS, na'urar nan mai riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke. To, a nan gizo ke saƙa. Yawancin samarin da ke zuwa neman mosfet, wato irin taransistar da ke kunna wutar batir da kashewa a cikin inbata, idan zafin Maris da Afrilu ya kankama a Bauchi sun haddace lambar IC, 'yar ƙwayar nan mai ƙafafu da ke sarrafa sakit, amma ba su san wat nawa fankarsu take ci ba. Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, saboda duk wanda yake tsaye a wannan mararraba.

Abin da zan auna su da shi

Uban tafiyar shi ne irin wutar da inbatar take fitarwa. Wutar da ake kawo mana gida bolt 230 ce, tana zuwa ta komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa 50Hz. Ba tsalle take yi ba. Hawa take a hankali har ta kai ƙololuwar bolt 325, ta gangaro, ta nutsa, ta sake tasowa, kamar hanya mai tudu da kwari. Ita ce masu sayar da kaya suke kira fiyo sayin. Sakit mai sauƙi bai iya wannan ba, kunnawa da kashewa kaɗai ya sani, sai wutar ta fito da kusurwa kamar an jera bulo. Ita ce sikwaya. A tsakaninsu akwai wadda take ɗan hutawa a kan sifili kafin ta juya, ana ce mata modifayid.

Cajar waya da ta laftof, da yawancin talabijin na zamani, tun a bakin ƙofa suke mayar da wutar DC, wato irin ta batir mai tafiya gefe ɗaya, don haka ba su cika damuwa da siffarta ba. Fanka kuwa, da duk abin da moto ke juya shi, gurnani zai riƙa yi yana ɗaukar zafi a kan sikwaya. Akwai kuma wasu kaya da ba a cika ambata ba: fitilun caji masu araha da wasu ƙwayayen LED, waɗanda kwandansa ce kaɗai take rage musu wuta a ciki. Kwandansa tana barin kaifin kusurwar sikwaya ya wuce fiye da ƙima, kafin ka ankara ka ji ƙauri.

Sauran ma'aunan huɗu ne: kuɗi, sauƙin haɗawa da kayan aikin da sai da su, juriya, da haɗari ga kaya da kuma kai kanka. A kan kuɗi, farashin kayan nan dala yake bi. Abin da ka saya a Wunti wannan watan ba lallai ka same shi haka wata mai zuwa ba, balle wanda sai an yi odarsa daga Sabon Garin Kano ko Alaba a Legas. Shi ya sa zan gwada su da junansu maimakon in rubuta naira. Abu ɗaya dai ba ya canzawa: IC da rasista da kwandansa su ne mafi ƙanƙanta a lissafi, taransifoma da batir ne suke cinye aljihu.

Lissafin batir, kafin a narka dalma

Batirin da yaron nan ya ciro an rubuta masa 12V 7Ah. Ninka 12 sau 7, ka samu 84, wato wat 84 na tsawon awa ɗaya. Amma batirin dalma, mai ruwa ne ko busasshe, ba a tatse shi tas. In kana son ya daɗe, rabi za ka sha ka bar rabi. Saura 42. Ita kanta inbatar tana ƙone wani kaso ya zama zafi, in ta yi kyau ta miƙa maka 80 cikin 100. Saura wajen 34. Fanka ta tsaye mai cin wat 60 da ƙyar ta wuce rabin awa a kai. Da ya ji haka jikinsa ya yi sanyi, domin a ransa kwana zai yi yana shan iska. Wanda yake son fankar nan ta yi awa 8, batir mai 100Ah yake bukata, ko da wane sakit ya haɗa.

Ga wata ƙa'ida da nake koya wa kowane yaron shago: raba wat da 10, ka samu amfiyar da za a ja daga batir mai bolt 12. Wat 100 amfiya 10 ce. Wat 500 amfiya 50 ce. Idan ka ga zane an rubuta masa 1000W amma mosfet biyu ne da siririyar waya, tambayi kanka ta ina amfiya 100 za ta bi. Amfiya 10 tana son waya mai kaurin 2.5mm², amfiya 50 kuwa sai wajen 16mm², kuma gajera.

Iyakar ƙarfin inbata ba a IC yake ba, a taransifoma yake. Wadda aka naɗa don wat 60 ba za ta ba ka 300 ba ko ka jera mata mosfet goma. Idan za ka saya, ɗauke ta ka ji nauyinta, sannan ka kankare bakin wayar da wuƙa. In cikin ja ne, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa fenti, ya fi ɗaukar zafi kuma dalma ba ta kama shi yadda ya kamata.

Kada kuma ka manta garin da kake. Masu ƙera batir a kan zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas suke lissafin shekarunsa, kuma kusan duk ƙarin 10 a kan haka yana raba rayuwarsa biyu. Ɗakin kwano a Bauchi cikin Afrilu ya wuce nan nesa. Ajiye batir a ƙasa, a inuwa, inda iska take ratsawa.

Mai taransista biyu

Kayansa 2N3055 biyu ko TIP3055, 'yan rasista, kwandansa biyu, da taransifoma mai bakin tsakiya, wadda naɗinta na gefen batir ya rabu biyu, 12-0-12. Babu IC. Taransistocin karɓa-karɓa suke yi, wannan ta kunna waccan ta kashe, kowace tana tura wuta ta rabin naɗinta. Babu wanda ya kai shi araha. 2N3055 tun farkon shekarun 1960 ake ƙera ta, har a matacciyar amfilifaya za ka ciro ta. Awa ɗaya ta ishe ka haɗawa.

Amma araha ba ta ado. Gudun juyawarsa ba tsayayye ba ne, yana canzawa da ƙarfin batir da nauyin abin da ka jona. Mai aski da ke amfani da kilifa mai maganaɗisu nan take zai ji ta sauya murya, domin wuƙarta da 50Hz take kaɗawa. Ga kuma zafi. Taransista mai ɗauke da amfiya 5 tana zubar da kusan bolt 1 a jikinta, wat 5 ke nan sun tafi a banza, alhali mosfet IRFZ44N a kan wannan amfiyar bai kai rabin wat ba. Babu wani kariya a cikinsa, kuma idan lodi ya yi nauyi juyawar tana iya tsayawa cak, taransista ɗaya ta kwashe duk wutar ta ƙone.

Ni a wurina darasin mako ɗaya ne. Haɗa shi ka kunna ƙwai ɗaya, ka ga yadda batir ke zama wutar gida da idonka, sannan ka kwance ka ajiye taransifomar don aiki na gaba.

Mai CD4047

Wannan ne nake son in daɗe a kai, domin shi ne nake ba yawancin masu tambaya. IC ce mai ƙafa 14. Ƙafa ta 10 da ta 11 kishiyoyin juna ne: idan ɗaya tana sama ɗayar tana ƙasa, kuma lokacin a rabe yake daidai wa daida. Wannan daidaiton ne ya sa na fifita ta a kan NE555 da wasu ke sawa, domin 555 baki ɗaya gare ta, kuma sai ka yi dabara kafin ta raba lokaci biyu daidai. In rabon bai daidaita ba, taransifoma tana karkata gefe guda ta yi zafi.

Gudunta rasista ɗaya da kwandansa ɗaya ne suke saita shi. Kwandansar tana tsakanin ƙafa ta 1 da ta 3, rasistar tsakanin ta 2 da ta 3, lissafin kuma shi ne 1 a raba da 4.4 sau R sau C. Da kwandansa 0.1µF, rasista wajen 45k za ta ba ka 50Hz. A aikace ka sa 39k ka biyo ta da rasista mai murɗawa 10k, sai ka daidaita da mita. Ƙafafu 4, 5, 6 da 14 su tafi tabbatacce (+), 7, 8, 9 da 12 su tafi korau (-). Daga 10 da 11, ta cikin ƙaramar rasista kamar 100Ω, zuwa ƙofar mosfet biyu, kowace ƙofa kuma ka sauke ta ƙasa da 10k don kada mosfet ya kunna kansa. IRFZ44N yana jure bolt 55, kuma ana bukatar wannan rarar, domin a irin wannan haɗin mosfet ɗin da ke kashe yana ganin ninkin bolt ɗin batir, ban da tartsatsin da naɗin ke maidowa.

Kuɗinsa kaɗan ya ɗara na farko, kuma kayansa ana samu a gari. Ana haɗa shi a allon bero, mai ramuka da ake dalmace kaya a kai, da ƙarfen dalma da mita, rana ɗaya an gama. Daga wat 50 zuwa 150 yana aiki lafiya in taransifomar ta isa.

Kurakurai uku ne suke kayar da masu farawa a nan. Na farko, bayan mosfet, inda ake ɗaure noti, ba ƙarfe ne kawai ba, haɗe yake da ƙafar tsakiya. In ka ɗaure biyun a kan farantin alminiyam ɗaya ba tare da takardar maika mai hana wuta wucewa ba, ka haɗe bakunan taransifomar biyu ke nan. Na biyu, za ka ga masu cewa a sa 9-0-9 don wutar ta ƙaru. Tana ƙaruwa, gaskiya ne, amma sikwaya mai bolt 12 a kan naɗin bolt 9 ta fi ƙarfin abin da ƙarfen cikin taransifomar zai iya riƙewa. Sai ta riƙa shan amfiya da ƙugi ko babu abin da aka jona. Tsaya a kan 12-0-12. Na uku, mita. Mita mai araha don fiyo sayin aka saita ta, idan ka auna sikwaya tana ƙara wajen 11 cikin 100. Wuta mai bolt 230 za ta nuna maka kusan 255. Na ga yara da dama sun tsorata sun fara kwance aiki mai kyau saboda wannan.

Sai maganar jabu. Akwai lokacin da na sayi IRFZ44N guda goma a wurin wani mai kaya, duk suka ƙone a kan lodin da bai kai wat 80 ba. Da na fasa ɗaya, ɗan ƙwayar da ke ciki bai kai rabin na ainihi ba. Tun daga nan, in rubutun jikin mosfet yana gogewa da yatsa ko farashin ya yi sauƙin da ya wuce hankali, ba na ɗauka. Mosfet ɗin da ka ciro daga tsohuwar UPS mai suna sau da yawa ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba.

Raunin CD4047 a bayyane yake. Ba ta san abin da ke faruwa a bakin fita ba. Batir na raguwa, wutar na raguwa. Ba ta yankewa idan batir ya sauka bolt 10.5, iyakar ƙarshe da dole a tsaya, za ta ci gaba da tatsa har ta kashe shi. Ba ta san lodi ya yi yawa ba. Fis ne kaɗai mai gadinka, don haka kada ka kunna ta babu shi.

Mai SG3525

Wannan ita ce yayar ta baya. Ƙafa 16 gare ta, fitarta a ta 11 da ta 14, kuma tana da ƙarfin tura ƙofar mosfet kai tsaye, ko da ka jera biyu-biyu ko uku-uku. Abin da ya bambanta ta shi ne tana iya faɗaɗa ko ƙuntata lokacin da kowane mosfet yake kunne. Ka ɗebo kaɗan daga wutar fita, ka mayar da ita DC, ka kawo ƙafa ta 1, sai IC ɗin ta riƙa gwadawa tana gyarawa. Batir ya cika, ta ƙuntata. Batir ya fara sauka ko lodi ya ƙaru, ta faɗaɗa. Tana kuma barin ɗan tazara tsakanin kashe wannan da kunna wancan, abin da CD4047 ba ta yi. Kwandansa a ƙafa ta 8 tana sa wutar ta taso sannu a hankali. Ƙafa ta 10 kuwa makulli ce: in ka haɗa mata ɗan sakit na LM358 mai lura da batir, za ta kashe komai idan ya yi ƙasa.

Abu biyu za ka kiyaye. Fitarta rabin gudun cikinta ne, don haka a kan 100Hz za ka saita ta kafin ka samu 50. Sannan gyaran da take yi ba ya aiki sai taransifomar tana da rara, wato naɗinta ya gaza bolt 12. A nan taransifomar tsohuwar UPS mai bakin tsakiya take da rana, domin yawancinsu don irin wannan aikin aka naɗa su. In babu, sai ka ba masu naɗi su yi maka.

Kuɗin IC ɗin ba wani abu ba ne, amma kayan kewayenta sun ninka na CD4047, kuma saitin gyaran wutar fita yana cin lokaci. In ka kuskure shi za ka ga ƙwai yana ƙiftawa, wutar na hawa da sauka. Mako ɗaya zuwa biyu ga wanda ya riga ya iya dalma. Ladanka shi ne inbatar da za ta iya zama a ɗaki ana amfani da ita kullum, daga wat 200 zuwa 500. Amma fa har yanzu modifayid ce. Fanka za ta yi gurnani, ko da bai kai na sikwaya ba.

Mai EGS002

Ɗan allo ne da ake sayarwa a haɗe, a kansa akwai EG8010 da direbobi biyu irin IR2110 masu tura ƙofar mosfet. Yana yanka wutar batir gunduwa-gunduwa sau 23,400 a daƙiƙa, wasu faɗi wasu siriri, ta yadda in an tace su za su fito fiyo sayin. Yana lura da bolt, da amfiya, da zafi. Idan matsala ta faru ɗan ƙwansa yana faɗa maka da ƙiftawa: sau 2 lodi ya yi yawa, sau 3 bolt ya hau, sau 4 ya sauka, sau 5 zafi ne. A bayansa akwai wuraren ɗiga dalma don zaɓen 50Hz ko 60Hz, ka tabbata naka a kan 50 yake.

Ganin allon a haɗe ne yake yaudarar mutane. Ƙwaƙwalwa ce ka saya, jikin kai za ka gina. Yana bukatar aƙalla mosfet huɗu a tsarin gada, biyu sama biyu ƙasa. Duk ranar da na sama da na ƙasan gefe ɗaya suka kunnu tare, ko na ƙiftawar ido ne, batir ya haɗu da kansa ta cikinsu, huɗun kan tafi tare da direban. Doguwar waya zuwa ƙofar mosfet kaɗai ta isa jawo haka, shi ya sa ba a gwada shi a allon gwaji, wanda ake cusa wa kaya ba dalma. Taransifomarsa ba ta bakin tsakiya ba ce, kuma naɗinta wajen bolt 7 zuwa 8 ne, domin ƙololuwar fiyo sayin ta ninka matsakaicinta sau 1.41, batir mai bolt 12 kuma bai iya ba da abin da ya wuce 12. A bakin fita sai kwandansar tacewa, wajen 2.2µF mai jure bolt 630.

Shi ne mafi tsada, sau da yawa sai an yi oda, kuma kowane kuskure mosfet huɗu ne. Wanda ba shi da na'urar ganin siffar wuta, osiloskof, lalube yake cikin duhu. Ɗalibin Gwallameji ko na jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Yelwa zai iya neman izinin amfani da na ɗakin gwajinsu. Amma idan ya zauna, babu kamarsa a cikin huɗun: fanka shiru, kilifa lafiya, amfilifaya babu ƙugi.

Wani nau'in da za ka ci karo da shi shi ne mai ƙaramar taransifomar ferait, wanda ke fara ɗaga batir zuwa sama da bolt 300 na DC. Ban sa shi cikin gwajin ba da gangan. Manyan kwandansocinsa suna riƙe wannan wutar ko bayan an cire batir, kuma ba wurin koyo ba ne.

| Sakit | Irin wuta | Kuɗi | Sauƙi | Juriya | Inda haɗarin yake |
|---|---|---|---|---|---|
| Taransista biyu | Sikwaya, gudu mai yawo | Mafi araha | Awa ɗaya | Kaɗan | Zafi, babu kariya |
| CD4047 | Sikwaya, 50Hz tsayayye | Araha | Rana ɗaya | Matsakaiciya | Tatse batir, sai da fis |
| SG3525 | Modifayid mai daidaita kanta | Matsakaici | Mako ɗaya zuwa biyu | Mai kyau | Kuskuren saiti |
| EGS002 | Fiyo sayin | Mafi tsada | Sai gwani | Mai kyau ƙwarai in an gina daidai | Ƙonewar gada gaba ɗaya |

Haɗarin da bai shiga tebur ba

Dukkansu huɗun suna kisa. Ina son wannan ya shiga kunnen duk wanda yake ganin ai ɗan batirin babur ne. Bolt 230 da ke fita daga taransifomar nan ba ta da bambanci da ta soket a wajen zuciyar mutum, kuma ɗan kaso kaɗan na amfiya ɗaya ya isa. Rufe bakin fitar kafin ka kunna, kada ka yi aiki a ƙasa mai danshi ba takalmi, kuma ka sa komai cikin akwati kafin ya shiga ɗakin da yara suke. Kada ka taɓa cusa fitar inbata cikin soket ɗin bango don ta ba gida wuta. Idan aka dawo da wuta za ta tarwatse, kafin nan kuma tana iya bin layi ta sami mai gyara a kan falwaya.

Ta gefen batir kuma wuta ce ta gobara. Sifana ko zobe da ya haɗa kawunansa biyu yana iya yin ja cikin daƙiƙu. Fis ya zauna dab da kan tabbatacce, ba can kusa da sakit ba. In ka juya wayoyin bisa kuskure, mosfet na barin wuta ta wuce ta baya, fis ɗin ne zai cece ka. Batir mai ruwa kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, kada a rufe shi cikin kwaba. Idan hunturu ya shigo, riƙa hure ƙurar da ke taruwa a farantin sanyaya.

Kowa da tasa

Idan abin da ke damunka zafi ne da duhu, ba koyo ba, to gaskiya ba ka bukatar ko ɗaya. Fankar DC mai bolt 12 yawanci ba ta cin rabin abin da ta wutar gida take ci, ƙwan DC da cajar mota suna nan a kasuwa. Jona su kai tsaye da fis, batirinka zai ninka awanninsa. Ɗaga bolt 12 zuwa 230 don caja ta sake sauke ta zuwa 5 asara ce sau biyu.

Mai firji ko injin jan ruwa ya sayi inbatar kamfani. Kwamfaresa tana fizgar ninkin ba ninki na abin da take ci lokacin tashi, aikin farko ba zai ɗauka ba.

Ɗan sakandare mai son ya gani da idonsa ya haɗa mai taransista biyu, babba na tsaye a kansa. Mai cajin waya da laftof da ƙwai biyu, ko duk wanda wannan ne karonsa na farko, CD4047 ce tasa. Wanda ya riga ya haɗa ta, ya gaji da ganin wuta na raguwa da batir na mutuwa, ya matsa zuwa SG3525, musamman in yana da taransifomar UPS a ajiye. Mai shagon aski, da mai son fanka ta kwana shiru, da ɗalibin da ke aikin kammala karatu, EGS002 ce ƙarshen tafiyarsu, amma bayan sun bi ta ɗaya daga cikin biyun can.

Ɗan yayata CD4047 ya ɗauka, kuma na gindaya masa sharaɗin kunnawar farko. Kafin ya jona taransifoma, ya ba IC wuta ita kaɗai, ya sa mita a DC ya taɓa ƙafa ta 10 da ta 11. Kowace ta nuna kusan bolt 6, rabin batir. Daga nan ya jona taransifomar, amma ya ratsa ƙwan mota mai bolt 12, wat 21, tsakanin batir da bakin tsakiya, babu komai a bakin fita. In ƙwan ya ɗan yi ja ya tsaya, kuma ana jin siririn ƙugi daga taransifomar, sai ya cire shi ya maye gurbinsa da fis mai amfiya 10. In kuwa ya haska tar, ya zare waya nan take, ya koma ya duba maikar da ke bayan mosfet.